Yaƙin da Ba Ya Cikin Littafin Makaranta: Labanan da Finafinanta

A farkon fim ɗin *Bairut al-Garbiyya*, wato Yammacin Bairut, wanda Ziyad Duwairi ya fitar a 1998, wata malama Bafaranshiya ta kori wani yaro mai suna Tarik daga aji saboda tsiwa. Yana tsaye a saman benen makarantar yana kallon titi, sai ya hango wasu mutane da suka rufe fuskokinsu suna laɓewa da bindigogi. Can sai ga motar bas ta taho, suka buɗe mata wuta. Yaron bai san su wane ne ba, bai kuma san waɗanda ke cikin motar ba. Abin da ya fara fahimta kawai shi ne an rufe makaranta, kuma wannan a wurinsa abin murna ne.

Harin ya faru da gaske. Ranar 13 ga Afrilu, 1975, a unguwar Ain al-Rummana da ke gabashin Bairut, mayaƙan jam'iyyar Kata'ib ta Kiristoci suka harbi wata bas da ke ɗauke da Falasɗinawa, suka kashe mutum sama da 20, sa'o'i kaɗan bayan an yi harbi a ƙofar wani coci a unguwar. Daga wannan rana ake lissafa yaƙin basasar Labanan, wanda ya kai har 1990. Ranar Lahadi ce, ba a karatu, don haka Duwairi ya ɗan karkata tarihi domin ya ajiye yaronsa a bakin taga. Ba wanda ya riƙe shi da wannan laifi. Ga ɗimbin matasan Labanan da aka haifa bayan yaƙin, wannan fage na fim ne karo na farko da suka ga yadda abin ya soma, domin a littattafan tarihin da gwamnati ta amince a koyar a makarantu babu shi. Tarihin da ke cikinsu yana tsayawa ne a shekarun 1940, lokacin samun 'yancin kai daga Faransa.

Dalilin wannan shiru yana cikin yadda aka gina ƙasar. Labanan ƙarama ce ƙwarai, amma tana da ɓangarorin addini 18 da doka ta san da su. Bisa yarjejeniyar da manyan ƙasar suka ƙulla da baki a 1943, shugaban ƙasa Kirista ne daga cocin Maroniyawa, firaminista ɗan Sunni, kakakin majalisa ɗan Shi'a, kujerun majalisa kuma shida ga Kiristoci a kan kowace biyar ta Musulmi. An gina wannan rabo a kan ƙidayar 1932, kuma tun daga nan ba a sake ƙidaya jama'a ba, saboda kowa na tsoron abin da alƙaluma za su nuna. A kan wannan rauni aka ɗora zuwan 'yan gudun hijirar Falasɗinu tun daga 1948, da kuma ƙaurar mayaƙansu daga Jodan bayan 1970. Da wuta ta kama, Bairut ta rabu biyu: gabas ga mayaƙan Kiristoci, yamma ga ƙawancen Musulmi da 'yan gurguzu da Falasɗinawa. Tsakaninsu akwai wani zirin kangaye da aka riƙa kira Koren Layi, saboda ciyayi da bishiyoyin da suka tsiro a titunan da ƙafa ta daina bi. Katin shaidar ɗan ƙasa na wancan zamani yana ɗauke da addinin mai shi, kuma a shingayen bincike wannan layi ɗaya na rubutu ya ishi a fitar da mutum daga mota a harbe shi. Siriya ta shigo a 1976, Isra'ila ta shigo a 1978 da 1982. Kafin ƙura ta lafa, an yi asarar rayuka fiye da 100,000.

Kafin yaƙin, Bairut birni ne mai son silima. Dandalin Shahidai da titin Hamra cike suke da gidajen kallo, kuma a shekarun 1960, da gwamnatin Jamal Abdul Nasir ta mayar da harkar fim a Masar ƙarƙashin hukuma, masu shirya finafinai da dama sun dawo Bairut da aiki, har da Yusuf Shahin, wanda ya yi fim da mawaƙiya Fairuz a 1965. (Wannan sana'a ta bi 'yan ƙasar har Afirka ta Yamma: 'yan kasuwar Labanan na cikin waɗanda suka fara gina gidajen silima a Kano.) Finafinan wancan lokaci na waƙa ne da soyayya da ƙauyukan kan duwatsu, inda saɓani ba ya wuce na dangi biyu da aure zai sasanta. Wanda ya fara hango gajimaren shi ne Marun Bagadadi, matashin da fim ɗinsa *Bairut ya Bairut* ya fito a 1975, gab da ɓarkewar yaƙin, yana nuna birni da ɗalibansa da masu kuɗinsa da talakawansa suka daina jin yaren juna.

Abin mamaki, finafinan da aka yi a tsakiyar yaƙin sun fi waɗanda suka biyo baya ƙarfin hali ta wata fuska. Masu yin su ba su da lokacin yi wa abin ado. Joslin Sa'ab, 'yar jarida da ta koma ɗaukar finafinan gaskiya, ta tsaya a 1982 a gaban tsohon gidan iyayenta da ya ƙone ƙurmus, ta riƙe makirfo tana bayani kamar mai ba da rahoton gobarar gidan wani. Bagadadi ya ɗauki *Hurub Sagira*, wato Ƙananan Yaƙe-yaƙe, a cikin kangayen tsakiyar birnin, kuma an nuna shi a bikin finafinai na Cannes a Faransa a 1982. Matasan cikinsa ba wata aƙida ce ta ja su fagen daga ba: wani gadon gidan sarauta ne ya faɗo masa bayan an sace mahaifinsa, wani kuma neman suna da kuɗi ne. Sai Burhan Alawiyya, wanda ya yi *Bairut al-Liƙa* a 1981, fim ɗin da babu harbi sosai a cikinsa amma ya fi yawancinsu ciwo. Haidar ɗan Shi'a ne daga kudu, Zaina Kirista ce daga gabashin birni, sun san juna tun a jami'a. An gyara layin tarho tsakanin sassan biyu, ita kuma gobe za ta tashi zuwa Amurka. Suka yi alkawarin haɗuwa, cunkoson motoci da shingaye suka hana. Sai kowannensu ya kwana yana zuba abin da ke ransa a kaset, da niyyar su yi musanye a filin jirgi. Kaset ɗin ba su isa hannun waɗanda aka yi dominsu ba.

An kawo ƙarshen yaƙin ne da yarjejeniyar da aka cimma a birnin Ɗa'ifa na Saudiyya a 1989, wadda ta daidaita kujerun majalisa rabi da rabi. A watan Agusta na 1991 majalisa ta zartar da dokar afuwa ga laifuffukan siyasa da aka aikata kafin ƙarshen Maris na shekarar. Dokar ta ware kisan shugabannin siyasa da na addini da jakadun ƙasashen waje, ta ce waɗannan ba su shiga afuwa ba. Ma'ana, wanda ya kashe babban mutum ɗaya ana iya gurfanar da shi, wanda ya share unguwa guda kuwa ya tafi gida. Jagororin mayaƙa suka tuɓe kaki suka sa kwat. Nabih Berri na ƙungiyar Amal ya zama kakakin majalisa a 1992. Eli Hubaiƙa, wanda sunansa ya fi fitowa a kisan kiyashin sansanonin Sabra da Shatila na 1982, ya zama minista. Samir Ja'ja ne kaɗai daga cikin manyansu ya ɗanɗana kurkuku mai tsawo, daga 1994 zuwa 2005. Kamfanin Solidere da Firaminista Rafiƙ Hariri ya assasa ya rushe mafi yawan tsohuwar tsakiyar birni ya sake gina ta fes, tare da gidajen silimar da ke wurin. Ko a baki ma, mutane da yawa ba sa cewa yaƙi, sai su ce “abubuwan da suka faru”. An zaɓi a bar kaza cikin gashinta.

Yarjejeniyar Ɗa'ifa ta tanadi a rubuta littafin tarihi guda ga dukan makarantu. An kafa kwamiti, ya yi shekaru yana aiki, har aka buga littattafan ƙananan azuzuwa a farkon shekarun 2000. Sai aka janye su, saboda gardama a kan yadda aka siffanta zuwan Larabawa yankin a ƙarni na bakwai. Mutanen da suka kasa daidaitawa a kan abin da ya faru shekaru 1,300 da suka wuce, ina za su iya da na jiya?

A cikin wannan yanayi *Bairut al-Garbiyya* ya fito. Duwairi ya bar ƙasar yana matashi a lokacin yaƙin, ya yi aikin kyamara a Amurka tare da Quentin Tarantino, sannan ya dawo ya ba da labarin ƙuruciyarsa, har ƙaninsa Rami ne ya fito a matsayin Tarik. Dabararsa ita ce ya bar yara su riƙe labarin. Tarik da abokinsa Umar suna da 'yar ƙaramar kyamara, kuma babbar damuwarsu ita ce shagon da ke wanke musu fim ya faɗa bayan shingen mayaƙa. Suna yawo da wata yarinya Kirista mai suna May, wadda gicciyen wuyanta ke tayar wa Umar hankali duk lokacin da suka doshi shinge. Mahaifin Tarik ya dage cewa rigimar ta 'yan kwanaki ce, ta baƙi ce, ba ta shafe su ba, mahaifiyarsa kuwa so take su tattara su gudu. Wuri ɗaya tak da mayaƙan sassan biyu ke ajiye bindiga su zauna tare shi ne gidan karuwai na wata mata Ummu Walid, kuma takardar izinin wucewa zuwa can ita ce rigar nono da ake ɗaurawa a eriyar mota. Mutane sun yi dariya a gidajen kallo, sun kuma yi kuka, domin sun ga layin burodi da matsugunan ƙarƙashin ƙasa da maƙwabciya mai masifa, duk yadda suka san su.

Sai dai idon yaro yana da wani amfani da ba a cika faɗa ba. Yaro ba ya tambayar wanda ya ba da umarni. Idan aka kalli yaƙi ta idonsa, sai ya zama kamar ambaliya ko girgizar ƙasa, masifar da ta sauko wa kowa daidai, kuma kowane mai kallo, ko daga wane sashe yake, zai iya fita yana jin shi aka zalunta. Wannan ne ya sa fim ɗin ya samu karɓuwa a ko'ina, wannan ne kuma iyakarsa. Ya dace da wani ra'ayi da ya yaɗu a ƙasar, cewa yaƙin na wasu ne da suka zo suka yi shi a kan ƙasar Labanan. Akwai gaskiya a ciki, tunda Siriya da Isra'ila da Iran da Amurka da ƙungiyoyin Falasɗinawa duk sun tsoma hannu. Amma wanda ya karɓi katin shaida a shinge ya duba layin addini, mafi yawan lokuta ɗan ƙasa ne, wani lokaci ma ɗan unguwa.

Abin da ke samun wanda ya ƙi bin wannan hanya ta lallami ya bayyana shekara guda bayan haka. A Labanan, hukumar tsaro ta Amn al-Am ce ke tace finafinai, kuma tun daga rubutaccen labari take farawa, kafin a ba da izinin ɗauka. Randa Shahhal Sabbag ta yi *Mutahaddirat*, wato Wayayyu, a 1999, fim mai ɗacin barkwanci game da masu kuɗin da suka tsere Turai suka bar manyan gidajensu a hannun 'yan aiki baƙi, da maharban da ke kan benaye, da zagin addini da mutane ke yi wa juna tsirara kamar yadda aka yi shi a lokacin. Masu tacewa suka nemi a yanke kusan rabinsa. Ta ƙi, fim ɗin bai shiga gidajen kallon ƙasar ba.

Nadin Labaki ta bi ta ɗaya hanyar a 2011 da fim ɗinta mai suna da ke nufin “Yanzu Kuma Ina Muka Nufa?”. Ƙauye ne marar suna, masallaci da coci suna kallon juna, matan kuma sun haɗa kai don hana mazajensu kashe juna: su lalata talabijin ɗin ƙauye don kada a ji labarai, su ɗauko 'yan rawa daga waje, su zuba abin maye a cikin abinci. Ya ci kyautar zaɓin 'yan kallo a bikin Toronto, ya kuma yi kasuwa sosai a gida. Fim ne mai daɗin kallo, amma maganin da matan suka samo, wato ɓoye labari da ɓoye gawa, shi ne dai maganin da gwamnati ta rubuta a 1991.

Waɗanda suka matsa kusa da mai laifin su ne masu finafinan gaskiya, waɗanda 'yan kallonsu ba su da yawa. A 2005 Lukman Salim da matarsa Monika Borgmann, tare da wani abokin aikinsu Bajamushe, suka fitar da *Massaker*, inda mutum shida da suka shiga kisan Sabra da Shatila ke ba da labarin abin da suka yi dalla-dalla. Kyamara ba ta nuna fuskokinsu, sai hannuwa da kafaɗu da zufa. Ana jin muryar mai kisa, amma har yanzu ba a ga idonsa ba. (An harbe Lukman Salim a cikin motarsa a kudancin ƙasar a watan Fabrairu na 2021.) A 2012 Eliyan Rahib ta cire wannan mayafi a *Layali bila Naum*, wato Darare Marasa Barci. Ta haɗa mutum biyu: As'ad Shaftari, tsohon babban jami'in leƙen asirin mayaƙan Kiristoci, wanda a shekarar 2000 ya fito fili ya nemi gafarar waɗanda ya cutar, da Maryam Sa'idi, wadda ɗanta Mahir, ɗan shekara 15 da ya bi mayaƙan gurguzu, ya ɓace a wani gumurzu a 1982. Shaftari ya tuba, amma tubarsa ta tsaya a kan kansa; idan aka zo ga wuraren da aka binne mutane da sunayen abokan aikinsa, sai harshensa ya yi nauyi. Maryam kuwa ba gafara ta zo bayarwa ba. So take a nuna mata rami. Adadin da aka saba ambata na waɗanda suka ɓace a yaƙin shi ne 17,000, kuma tun 1982 iyalansu, ƙarƙashin jagorancin Wadad Halwani wadda aka sace mijinta a shekarar, suke neman amsa. Sai a 2018 majalisa ta yi dokar da ta amince suna da haƙƙin sanin makomar 'yan'uwansu.

Duwairi da kansa ya dawo kan batun bayan shekara 19, kuma wannan karon babu yara. Fim ɗinsa na 2017, wanda sunansa na Larabci ke nufin Shari'a Mai Lamba 23, ya fara ne da bututun ruwa. Toni, makanike Kirista mai sauraren tsofaffin jawaban Bashir Jumayyil a garejinsa, yana ban ruwa a baranda, ruwan ya zubo wa Yasir, Bafalasɗine shugaban leburori da ke gyaran titin unguwar. Yasir ya gyara bututun ba izini, Toni ya farfasa shi, Yasir ya zage shi. Da aka kawo Yasir ba da haƙuri, Toni ya ce masa da ma Ariel Sharon ya gama da su baki ɗaya. Yasir ya kai masa naushi, ya karya masa haƙarƙari biyu. Daga nan sai kotu, sai lauyoyi biyu da suka zama uba da 'yarsa a sassa masu gaba da juna, sai gidajen talabijin, sai zanga-zanga a titi, har shugaban ƙasa ya kira mutanen biyu ya roƙe su.

A tsakiyar shari'ar aka tono abin da Toni ya binne. Shi ɗan garin Damur ne, garin Kiristoci a bakin teku kudu da Bairut, wanda mayaƙan Falasɗinawa da ƙawayensu suka afka wa a watan Janairu na 1976 suka kashe fararen hula da yawa, kwanaki kaɗan bayan mayaƙan Kiristoci sun yi irin wannan ɓarna a unguwar talakawa ta Karantina. A nan fim ɗin ya yi abin da finafinan kasuwa na ƙasar suka daɗe suna kaucewa: ya ambaci gari da kwanan wata da ɓangaren da ya yi. Duwairi daga gidan Musulmi masu goyon bayan Falasɗinawa ya fito, wadda suka rubuta labarin tare, Jowel Tuma, daga gidan Kiristoci na ɗaya sashen, kuma ana ganin wannan a ƙoƙarin da fim ɗin ke yi na auna ciwon kowa.

Sikelin bai gamsar da kowa ba. Masu suka sun ce Damur ya samu hotuna da hawaye a zauren kotu, Karantina da Tal al-Za'atar da Sabra da Shatila kuwa ba su samu irin wannan fili ba, kuma Bafalasɗinen fim ɗin an yi shi mai haƙuri da kamewa ne domin ya dace da labarin warakar wani. Masu kare shi sun ce kisan da aka yi wa Falasɗinawa duniya ta san shi, na Damur ne aka danne. Kowane ɓangare yana da hujja, kuma gardamar ta nuna abin da ya sa kwamitin littafin tarihi ya watse: da zarar an ambaci kabari ɗaya, masu sauran kaburburan za su miƙe su tambayi nasu. Duk da haka, zargin son kai da aka yi wa fim ɗin ya fi sauƙin jurewa a kan yabon da aka yi wa waɗanda ba su ambaci kowa ba, domin aƙalla ya tilasta wa masu sukarsa su kawo nasu sunayen garuruwa da ranaku a jaridu.

Kamil al-Basha, ɗan wasan Bafalasɗine da ya fito a matsayin Yasir, ya ci kyautar gwarzon ɗan wasa a bikin Venice, fim ɗin kuma ya zama na farko daga Labanan da ya shiga jerin ƙarshe na kyautar Oscar. Da Duwairi ya sauka a filin jirgin Bairut a watan Satumba na 2017, daga Venice ɗin, aka tsare shi aka karɓe fasfunansa, aka tura shi kotun soja saboda ya ɗauki wani sashe na fim ɗinsa na baya a Isra'ila, abin da dokar ƙasar ta hana. Kotun ta sallame shi ba tare da tuhuma ba.

A tsakiyar Bairut, daga cikin 'yan gine-ginen da suka tsira daga rusau, akwai wani gidan silima na kankare mai siffar ƙwai, wanda aka fara ginawa a shekarun 1960 a matsayin sashe na wata babbar cibiyar kasuwanci da ba a kammala ba. Yana kan tsohon Koren Layi, jikinsa duk ramukan harsashi, kuma ya yi shekaru a killace. A watan Oktoba na 2019, lokacin da dubban ɗaruruwan mutane daga kowane ɓangare suka fito suna neman a kawar da dukan shugabannin da tsarin rabon addini ya ɗora musu, matasa suka kutsa cikinsa. Malaman jami'a suka riƙa ba da lacca a kan matakalan da babu kujeru, da dare kuma aka jawo wayar lantarki aka haska finafinai a bango.